Motar Bapu Ta Cika Goma

"Bapu, na rantse maka dariya ta yi! Ba iska ba ce ta murɗa mata ciki, dariya ce sosai, har da ɗan rami a kumatu!"

Lalita ce take saukowa daga bene tana zuba, jaririyarta Mishri a kafaɗa, jakar tsummoki a hannu, silifas na ta fas-fas a kan matakala. Yau kwananta arba'in da haihuwa. Yau za ta bar gidan ubanta a unguwar Uttam Nagar ta birnin Delhi ta koma ɗakinta can Shahdara, tsallaken kogi. Tunda gari ya waye bakinta bai rufu ba, labari kan labari, ta rasa ma wanda za ta fara.

Ubanta Bhanwarlal, wanda take kira Bapu, yana tsugune a gindin motarsa yana goge ƙarfen taya da tsumma. Bai ɗago ba.

"Na ji, Lali."

"Ba ka ji komai ba, saura babban! Baban Mishri ya kira ni jiya da yamma. Ka san me ya yi? Mota ya saya! Sabuwa dal, fara, mai fetur. Wai bayan ya ci abincin rana ya shiga wurin, kafin lokacin shayi ya fito da abarsa. Ba layi, ba jira. Wai ya tambaye su ƙarama mai dizal, suka yi ta masa dariya, suka ce ai kamfaninsu ya daina ƙera irin su tuni. Uwarsa Maji kuwa har ta jiƙa jan garin kumkum a faranti. Muna isa za a tsoma ƙafar Mishri a buga a gaban motar, sawunta na farko a duniya, don arziki ya biyo ta. Ka ji fa, Bapu! 'Yata ce za ta buɗe mota!"

"Madalla," in ji shi. Ya koma ɗaya tayar.

Daga barandar gidan da ke kallonsu, maƙwabcinsu Chacha Tilak Raj ya leƙo da kofin shayi, daga shi sai singileti.

"Bhanwar! Wannan wankan amarya ne ko wankan gawa?"

"Sha shayinka, tsohon banza, kada ya huce."

"Tawa fa saura kusan shekara biyar!" Ya nuna wata 'yar jar mota da ƙura ta rufe a gindin bango, kare na kwance a ƙarƙashinta. "Rana ɗaya muka je, ƙafata ƙafarka. Na ce ɗauki mai fetur, ga ta nan a tsaye. Ka ce a'a, fetur na 'yan gayu ne masu zuwa silima."

"Taka ai ba za ta tsufa ba, tunda ba ta zuwa ko'ina. Kare ya gaje ta tun kana da rai."

Lalita ta ƙyalƙyale da dariya. Wannan faɗan tun tana 'yar shekara goma sha uku take jin sa, kullum da safe. Sai dai yau Chacha bai rama ba. Ya tsaya yana kallon abokinsa, ya kurɓi shayi, ya koma ciki ya ja labule. Ita ko a jikinta. Ta zagaya baya ta ɗaga but don ta saka jaka.

Babu wuri. Akwatin ƙarfen Bapu ne a ciki, shuɗin nan da ke ƙarƙashin gado tun kafin a haife ta. Ga katifarsa an naɗe an ɗaure da igiya. Ga tukunyar da yake dafa wake, ga rediyo. A can gefe kuma an nannaɗe wani abu mai faɗi da tawul, busasshen fure na leƙowa ta baki. Ba sai ta buɗe ba. Hoton Ma ne, mahaifiyarta, wanda ke rataye a falo shekara uku ke nan, tun ranar da aka ƙona gawarta.

"Bapu, ina za ka da hoton Ma?"

Ya miƙe a hankali yana dafa gwiwa. Ya ninke tsumman gida huɗu kafin ya yi magana.

"Gobe motar take cika goma."

To wannan kowa a Delhi ya san shi, har mai tallar albasa. Mota mai dizal shekara goma aka yanka mata, mai fetur goma sha biyar. In ta ƙara rana ɗaya a kai, ana iya ɗauke ta ko a ƙofar gidanka take, sai wurin 'yan gwangwan. Lalita ma ta sani sarai. Kawai dai wata tara tana lissafin cikinta, kwana arba'in tana lissafin shan nono, ba ta taɓa zama ta lissafa na motar ba.

"Na karɓo takardar fita da ita," in ji shi. "A wajenmu Churu an yarda ta ci gaba da yawo. Ɗakin da ke bayan gidan baffanki ba kowa a ciki."

"To shi ke nan. Ka kai musu ita, ka hawo bas ka dawo."

"Na ba mai gida mukullinsa jiya. Ina sauke ki, ta can zan wuce."

Ta tsaya da jaka a hannu, baki buɗe. Duk labaran nan da suka cika mata ƙirji tun safe suka watse lokaci ɗaya.

"Wato mota za ka bi. Ka bar ni, ka bar jikarka, ka bi ƙarfe."

"Shiga, rana na yi. Gaba za ki zauna yau."

Gaba wurin Ma ne. Tunda ta rasu ba wanda ya ƙara zama a kujerar nan, ko buhun gari Bapu ba ya ɗorawa a kai. Lalita ta shiga ta zauna a ɗarare, Mishri a cinya. Ya murɗa mukulli, injin ya ɗauka, ƙar-ƙar-ƙar, muryar nan da take ganewa tun daga bakin layi ko a cikin motoci ɗari. Ta ɗaga hannu ta sauko da allon kare rana na gabanta.

Yana nan. Tafin hannun Ma na dama, ja ya koma ruwan ƙasa, yatsu biyar, har da ɗan gurbin da zobe ya bari.

Shekara talatin Bhanwarlal ya yi yana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta, dizal ya sani, dizal ya yarda da shi. A shekarar da ya tashi sayen mota kuwa duk gari ya haukace a kan dizal. Man ya fi araha, ya fi nisan tafiya. Sai ka rubuta suna ka koma gida ka jira wata da watanni. Masu fetur kuwa ga su nan jere a wurin saidawa suna shan ƙura, ana roƙon mutane su ɗauka, har rigar kujera ake ƙarawa kyauta. Ma ta ga wata mai fetur ruwan zuma, ta shafa ta, ta ce mu tafi da wannan yau, ƙafafuna sun gaji da tsayuwa a bas. Lalita na wurin, da kunnenta ta ji amsar Bapu.

"Kesar, yi haƙurin wata biyar. Injin dizal ba ya mutuwa. Wannan har jikokinki za ta ɗauka."

Ma ta yi haƙurin wata biyar ɗin, a tsaye cikin bas. Ranar da motar ta iso aka fasa kwakwa a gabanta, aka sa lemun tsami a ƙarƙashin kowace taya aka taka. Aka kawo farantin kumkum. Kowa a kan murfin inji yake bugawa, amma Ma ta ce ita ba za ta yi wa ruwan sama aiki ba. Ta shiga ciki, ta sauko da allon nan, ta danna hannunta a kan yadin. Ba a fi shekara biyu ba doka ta fito.

Sun hau babban titi kafin Lalita ta samo bakinta. Da ta samo shi kuwa ba ta saurara ba.

"Ka sayar mana! Mutane nawa suka sayar? Ka ɗauki 'yar mai fetur ko ta hannu ce, kamar kowa."

"Wani ya zo makon jiya. Bai ko ce in tada ta ya ji ba. Ya sa ƙafa ya shuri tayar, ya ce kilo nawa za ta yi."

"To ka ba baffa kyauta! Dole sai da kai a ciki?"

"Baffanki ko amalanken raƙumi ya tuƙa sai ya shiga rami."

Ta kusa dariya, ta haɗiye. Ba ta so ya ga ya samu ƙofa.

A gidan mai layin fetur ya miƙe har titi, motoci da babura suna ta oda. Wajen famfon dizal kuwa babbar motar kaya ɗaya ce kawai, sai su. Da, nan ne ake faɗa a kan layi. Bapu ya sauke gilas ya ce a cika tanki. Lalita ta juyo ta dube shi. Tunda take da shi bai taɓa cewa a cika ba, kullum ɗan na kwana biyu yake sha, wai mai da yawa nauyi ne. Tana jin man na kwarara, yana kwarara, ya ƙi ƙarewa. A nan ne ta yarda da gaske tafiyar yake.

Suna fita ta nuna allon.

"In don wannan ne, ai kusoshi biyu ne suka riƙe shi. Ni ma da ban gama makaranta ba na san haka. Ka kwance, ka sa a firam, ka rataye kusa da hoton. Motar ta je duk inda za ta. Ka ga an huta."

Suka wuce danja ɗaya.

"Na kwance," in ji shi. "Ranar Talata, kina barci ke da 'yar. Na shigo da shi ɗaki na ajiye a kan tebur. Na zauna ina kallonsa. Lali, kwali ne kawai da yadi. Ba ita ba ce. Da na mayar da shi wurinsa na zauna a nan, na waiga hagu, sai ga ta tana cewa in rage gudu."

Lalita ta juya fuska wajen taga. Wani mai babur ɗauke da tulunan madara ya tsaya daidai su yana leƙen jaririya, ta ja gyale ta rufe ta.

"To ka zo wurinmu," ta ce. "Akwai ɗaki a sama, tarkace ne kawai a ciki. Baban Mishri ba zai ce komai ba. Ga sabuwar mota, kai za ka riƙa tuƙa mu. Shi fa bai iya baya-baya ba, jiya ma wai sai da maƙwabta suka fito suna masa hannu."

"Ni da ko ruwan gidanku ban taɓa sha ba?"

"Wannan ai tsohon yayi ne! Yanzu wa yake yi? Uban ƙawata Rekha har kwana yake a gidanta, ya ci ya sha ya yi gyatsa."

"Uban Rekha ke nan. Ni ubana bai sha ruwa a gidan da ya kai 'yarsa ba, kakana ma haka. Na ba da ke, ba zan bi ki in ci ba."

"Amma za ka iya bin mota ka ci a gidan baffa."

"Gidan ubana ne."

"Ni kuma fa? In na yi faɗa da Maji ina zan je? In zazzaɓi ya kama 'yar nan, wa zan kira? Ma ta tafi, kai ma ka tafi. Gidanmu ya zama na wasu. In zo Uttam Nagar in gaida wa, karen Chacha?"

Hannunsa dai ta ga ya ƙara damƙe sitiyari.

Suka hau gadar Yamuna cikin cunkoso. Hayaƙi ya kwanta a kan kogin kamar bargo mai datti, ko tsallaken ba a gani sosai, ga shi rana ta take. Wata tsohuwar motar kaya a gabansu ta taka mai, ta feso musu baƙi ƙirin. Mishri ta yamutsa fuska, ta yi tari. Ɗan tari ne ƙarami, khi-khi, sau biyu. Bapu ya miƙa hannu da sauri ta gaban Lalita ya murɗa gilas ɗinta sama, har motar ta ɗan karkace, na baya ya danna musu oda yana zagi.

Da ya yi magana, titi yake kallo.

"Haka uwarki ta fara. Duk sanyi sai tari. Likita ya ce iskar garin nan ce ta cinye mata ƙirji." Ya sauya giya. "Shekara talatin ina hura wa garin nan hayaƙin bas, na dawo na ƙara da na wannan. Ban ce ni na kashe ta ba. Amma masu dokar nan ba ƙarya suka yi ba, Lali. Ba na jin haushinsu. Motar nan bai kamata ta zauna inda 'yar nan take numfashi ba. Ni kuma ba zan iya tsayawa ina kallo a sa mata guduma ba. To ka ga sai mu tafi tare."

Ka ga, ya ce mata, kamar da wani namiji abokinsa yake magana. Lalita ta san in Bapu ya fara haka, ba da ita yake ba, da kansa yake.

"Tun yaushe ka shirya?"

"Tun ranar da kika haihu na zauna da kalanda. Na ga arba'in ɗinki ya faɗo ana gobe. Kwana ɗaya tak ya rage mana." Ya ɗan waigo ya dubi jaririyar, sannan ya ɗaga ido ya dubi tafin hannun. "Na ce mata har jikokinta za ta ɗauka. To ga shi ta ɗauka. Sau ɗaya dai, amma ta ɗauka."

Nan Lalita ta kasa. Hawaye suka ɓalle, suna ɗiga a kan zanen goyon, ba ta ko share ba. Duk maganganun da ta jero a ranta don ta tsare shi, ta duba ta ga babu mai amfani ko ɗaya.

Saura layi biyu su isa, ya tsaya a gaban shagon kayan zaƙi. Ba a shiga gidan surukai hannu biyu. Ya kashe mota ya fita, ta hango shi ya shiga bayan mutum biyar ko shida, yana gyara wuyan rigarsa.

Ta buɗe aljihun gaban mota tana neman abin share fuska. Takardun mota ne a ciki cikin leda, da tocila, da wani ɗan gwangwani zagayayye mai murfin madubi. Na Ma ne. Kumkum ɗin da take gyara goshinta da shi in sun kusa isa gidan biki. Ta buɗe. Saura kusan rabi, ya dunƙule.

Ta dubi gwangwanin, ta dubi ƙafafun Mishri da ke leƙowa daga cikin zane, 'yan mitsi-mitsi, ba su taɓa taka komai ba. Ta tuna farantin Maji da ke jira, da matan layi da aka gayyato, da farar motar. Sawun fari ɗaya ne, ba a yin sa sau biyu. Ta san abin da za ta tarar in ta yi. Ta leƙa shagon. Saura mutum uku a gaban Bapu.

Ta cire murfin kular abinci, ta zazzage garin a ciki, ta tsiyaya ruwa daga gora, ta dama da yatsa. Ta miƙa ta sauko da allon kare rana na wajen direba, wanda ba komai a kansa sai tsufa.

"Yi haƙuri, uwata, yi haƙuri, yanzu za mu gama."

Ta tsoma ƙafafun duka biyu, ta ɗaga yarinyar sama da hannu biyu, ta danna ta dama. Ta fito ras, har 'yan yatsu biyar kamar ƙwayar wake. Sanyin ruwan ya sa Mishri ta callara kuka ta harba ƙafa, ta hagun ta zame, ta ja ɗan jan layi zuwa gefe. Ba lokacin gyara. Lalita ta yi ta fifita wurin da bakin gyale tana hurawa, tana leƙen shago. Saura mutum ɗaya. Ta mayar da allon sama, ta watsar da sauran ruwan ta taga, ta goge ƙafafun da tsumma iya ƙarfinta. Jan ya ƙi fita daga tsakanin yatsu. Ta zura mata safa, ta sa ta a nono.

Bapu ya dawo da kwalin laddu ɗaure da zare.

"Me ya sa ta kuka?"

"Yunwa."

Layinsu ya cika da mata. Ga farar motar nan a ƙofar gida, an ja mata jan kirtani, an rataya mata fure, ledar kujeru ma ba a cire ba. Mijinta Mahavir na tsaye kusa da ita, sai washe baki yake, ya rasa wadda zai fara nunawa, motar ko 'yar.

"Bapu-ji, zo ka ji ta! Kai ne masani."

Ya tada ta. Bhanwarlal ya sunkuya ya kara kunne, ya zagaya ta sau ɗaya, ya shafa ƙofar.

"Tana aiki kuwa? Ban ji komai ba."

"Ai kyanta ke nan, Bapu-ji!"

"Ta yi kyau. Ka riƙa duba mata ruwa. Ka koyi baya-baya."

Mata suka kwashe da dariya, Mahavir ya sosa ƙeya. Maji, uwar mijin, ta fito da kofin ruwa a kan faranti kamar yadda take yi duk zuwansa, shi kuma ya haɗa hannu ya gode bai taɓa ba, kamar yadda yake yi duk zuwansa. Ya miƙa laddu. Ya sauke jakar tsummoki da kayan da ya yi wa jika. Ya ɗora tafinsa a kan Mishri, ya daɗe, sannan ya ɗora a kan Lalita.

"Ka tsaya a buga sawun mana," in ji Maji.

"Hanya da nisa. Ina so in isa da sauran haske."

Ya shiga, ya ja ƙofa sau biyu don ba ta kamawa a na farko. Ya yi baya-baya a layin nan mai ƙunci ko waiwaye bai yi sosai ba, madubi kawai. Ƙar-ƙar-ƙar. Ta bi muryar da kunne har kwana, har bayan kwana, har ta shige cikin hayaniyar babban titi ta kasa tsamo ta.

"To a kawo mana mai arziki!" in ji Maji. Ta karɓi yarinyar, ta zauna a kan kujera, aka turo faranti. Ta zare safa ɗaya. Ta tsaya. Ta zare ɗayar. Ta buɗa 'yan yatsun da babban yatsanta tana dubawa. Matan da ke waƙa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

"Bahu, matar ɗana. Wa ya riga mu?"

Lalita ta ja gyale ta rufe kai sosai.

"Motar da ta kawo ta, Maji."

"Wannan gwangwanin? Wanda gobe ko a garin nan ba a yarda ya kwana ba? Sawun fari fa! Arzikin gidan nan kika ɗauka kika sa a mota ya bar gari?"

"Haba Ma," in ji Mahavir, "ƙafar ai tana nan, ba ta ƙare ba. A buga mana."

"Kai rufe min baki, me ka sani!"

An buga ɗin dai. Sawu biyu suka fito tsaf a kan farin murfin inji, aka yi tafi sama-sama, aka raba laddu. Maji ba ta ƙara kallon inda Lalita take ba. Da aka zuba abinci, ta bayan wata ta miƙo mata nata. Matan layi suka tafi suna ƙus-ƙus, kuma Lalita ta san kafin gobe labarin ya kai har bakin kasuwa. Wata maƙwabciya ta tsaya tana tambayarta yaya jego, ina labari. Ita da ta tashi da labari goma, sai ta ce lafiya lau.

Ta hau sama ta rufe ɗaki. Tagarta yamma take kallo. Ta kwantar da Mishri, ta ajiye waya a kan cinya, ta zauna tana kallon rana. Ƙarfe biyu tana can sama. Ƙarfe uku ta fara sunkuyowa. Lalita ba ta san sunayen garuruwan hanyar sosai ba, amma ta san duk tafiyar Churu yamma ake fuskanta, don tana ƙarama Ma kan yi ta mita rana ta hana ta barci.

Huɗu da rabi hasken ya shigo ɗakin ya kwanta a kan gado, har ya sa yarinyar ta runtse ido. Wayar ta yi ƙara.

"Bapu?"

Ba magana. Injin kawai take ji yana aiki a tsaye, ƙar-ƙar-ƙar, da wata babbar mota da ta wuce fuu a gefe. Ta ji ya ja numfashi, ya sake, ya ƙara ja.

"Rana ce ta dame ni a ido, na sauko da allo," in ji shi daga ƙarshe.

"Eh."

"Ta hagun ta zame."

"Harbi ta yi. Ruwan da sanyi."

"Maji fa?"

"Ba ta min magana."

"Za ta huce." Ta ji ƙarar allon, ya ɗaga ya kuma saukewa. "Na zaci mu biyu ne a motar."

Lalita ta toshe baki da gyale. Ta jira ko zai ce ya juyo. Ta ba shi lokaci sosai. Sai ta ji ya taka kuloci, giya ta shiga, tayoyi suka hau kwalta.

"Kada ki kashe," ya ce. "Na ajiye wayar a kujerar uwarki. Ba mu labarin dariyar nan, da safe ban ji da kyau ba."

Ta share fuska, ta gyara zama, ta jawo Mishri kusa. Ta fara tun daga farko.